Hannun da ke Cikin Safa

Tun da annoba ta sa aka rufe makarantu aka kulle mutane a gidajensu, babu abin da ba a faɗa a kan malamai ba. Wasu suka ce kakarsu ta yanke saƙa, suna kwance ana kiransu ma'aikata. Masu wannan magana ba su leƙa ɗakin malamar aji huɗu ba, da sun iya bakinsu.

Ita da mijinta makaranta ɗaya suke koyarwa, ta kuɗi. Ita ke riƙe da aji huɗu na firamare, shi kuma yana koyar da lissafi a sashen sakandare. Farfesa ake ce masa, ba don wata takarda ba, sai don tabarau da jaka da iya gyaran murya. A aji aikinsa bai wuce ya miƙa wa monita littafi ta kwafe a allo ba, shi kuwa ya zauna yana kaɗa bulala a ƙafarsa. Shekara shida yana haka ba wanda ya gano shi, domin yaron da ke tsoron bulala ba ya tambaya.

Da shugabar makaranta ta aiko da saƙo cewa kowane malami ya riƙa ɗaukar darasi a bidiyo yana turawa zauren iyaye na waya, Malama ba ta tsaya kuka da zamani ba. Ta zaro raga ɗaya daga cikin firji, ta yi tuli biyu na littattafai a kan teburin da ke gindin taga, ta ɗora ragar a kansu, ta kwantar da wayarta a kai yadda idon kyamara zai leƙo ƙasa ta tsakanin ƙarafan. A ƙasa ta ajiye wani farin tayil da ya yi saura tun gyaran banɗaki. Shi ne allonta: ta rubuta da maka, alƙalamin nan mai kauri na rubutu a allo, ta goge da tsumma. Ba a ganin fuska, ba a ganin ɗaki, sai hannu da rubutu da murya. Da murafen kwalba da tsinken ashana ta koya wa yaranta ɗebewa mai aro, minti biyar biyar, don kada a cinye wa iyaye data. A satin farko iyaye har addu'a suke turo mata.

Farfesa ma ya gwada nasa. Ya sa kwat, ya tsaya a jikin bango, ya jingina wayarsa mai fasasshiyar kyamara a kan kujera. Sallama ta fita raɗau, gabatarwa ta fita raɗau, ana shiga lissafin sai mota ta mace. Sau goma sha ɗaya yana ɗauka yana gogewa. A na goma sha biyu ya cire kwat ɗin ya zo ya tsaya a kanta.

"Malama," in ji shi. Duk ranar da ya kira ta Malama, to akwai abin da yake nema.

"Na'am, Malam."

"Wannan 'yar dabarar taki ba laifi. Ki ɗan riƙe mini maka, yau kaɗai. Ke ki rubuta, ni in yi magana. Kin san rubutuna, kamar kaza ta taka tawada."

Ta yi dariya ta matsa masa. Miji ne, kuma yau kaɗai aka ce. Amma da aka kunna waya sai ta ga ba rubutun kaɗai ne ya gagara ba, maganar ma ba ta zuwa. Dole ta ɗauko takarda ta rubuta masa duk abin da zai faɗa, kalma bayan kalma, har da inda zai dakata ya ce, "Kun gane?" Shi kuwa karatu ya iya shi. Ya tsaya a bayan kafaɗarta ya karanta da muryar nan tasa mai kauri, hannunta yana bin maganar a kan tayil.

Da suka gama ya kalli bidiyon, ya sake kallo, ya ɓata fuska.

"Wannan ai hannun mace ne."

"To hannun wa kake so ya zama?"

Ya fita ya dawo da safar hannu ta roba, shuɗiya, cikin waɗanda aka saya don zuwa kasuwa.

"Cire zoben ki sa wannan. Lokacin annoba ne, babu mai tambaya. Yabo ma za a yi, a ce muna koya wa yara tsafta."

Ta cire zoben ta sa safar. Abin da ba ta sani ba, yau kaɗai a bakin Farfesa ba ta da gobe.

Ɗakin nan haske mai kyau sau ɗaya yake samu, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na safe. Kafin nan tayil duhu, bayan nan rana ta juya sai inuwar raga ta faɗo a kan rubutu. Wayar kirki kuma ɗaya ce a gidan, tata. Wuta tana zuwa ne lokacin da ta ga dama. Saboda haka wanda ya samu safiya ya samu komai, kuma Farfesa ya ce 'yan sakandare ne masu jarrabawa, su za a fara yi wa. Darasi uku yake so kullum. Kafin a gama na uku caji ya yi ja, hasken ya tafi, ana kiranta daga falo.

Mai kiran ita ce Inna, mahaifiyarsa. Ta zo ganin likitan ido ne da niyyar kwana biyu, dokar kulle ta rufe da ita. Tsoron cutar ya shige ta har ƙashi, don haka ta kafa doka: duk abin da ya shigo daga waje sai an wanke shi da ruwan bilic, leda da gwangwani da makullai, hannun ƙofa kuwa sau uku a rana. Ita ce mai dokar, Malama ce mai wankin.

Idan Farfesa ya fara karanta takarda, muryarsa har falo. Sai Inna ta gyara zama ta ce wa bango, "Allah sarki ɗan nan, tun safe yake abu ɗaya. Ilimi wahala ne." Idan Malama ta fito tana yarfa hannu, sai ta ce, "'Yar nan, kin barni da yunwa kin je kin zauna kina kallonsa. A kai masa shayi mana, maƙogwaronsa ya bushe."

"Inna, aiki nake yi a ciki."

"Wane aiki? Ni dai muryarsa nake ji."

A sati na biyu hannun ya fara magana. Awa biyu yana gumi cikin roba, ya fito ya shiga ruwan bilic, ya fito ya shiga wanke-wanke. Ƙuraje suka feso a tsakanin yatsu, suka fashe, fatar ta tsage a gaɓoɓi. Idan za ta cire safar sai ta cije leɓe, domin robar tana tahowa da fata. Ta nuna masa. Ya leƙa ta saman tabarau kamar mai duba takardar jarrabawa.

"Ki shafa man kaɗanya ko basilin. Ai ma gara da akwai safar, da yanzu yara suna kallon wannan."

Darussan aji huɗu suka koma na yamma, cikin duhu-duhu, rubutu ba ya fita. Daga kullum suka koma sau uku a sati, daga nan sau ɗaya. Wata rana ta samu wuta da la'asar, ta haɗa raga da tayil, ta fara sallama ke nan Inna ta turo ƙofa da ledar kasuwa a hannu, a wanke yanzu kafin cuta ta bi gida. Ta dawo ta tarar an ɗauke wutar, Farfesa kuma ya ɗauki wayar yana karanta yabon da iyayen ɗalibansa suka turo.

A sati na huɗu wata uwa ta kira ta. Ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi.

"Malama, lafiya dai ko? 'Yar taki ce ta dame ni. Kullum da safe sai ta yi wanka ta sa kayan makaranta, ta jera murafen kwalbarta a tabarma ta zauna gaban waya. In na ce ta tashi sai ta ce a'a, Malama za ta zo. Jiya har azahar."

Malama ta buɗe baki, ƙarya ta ƙi fitowa, gaskiya kuma ta fi ƙarfin waya. Ta ce a gaishe ta, a ce mata tana nan tafe. Da ta kashe wayar ta shiga kicin ta yi kuka mai isarta, a tsaye, tukunya tana tafasa.

A ranar ne kuma shugabar makaranta ta ɗora bidiyon Farfesa a zauren malamai. Ta rubuta cewa kowa ya yi koyi da shi: rubutu tsaf, bayani dalla-dalla, ga kiyaye dokar lafiya. A ƙasa ta jero malamai uku da suka yi sakaci da azuzuwansu. Malamar aji huɗu ce ta farko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malama ta sami Farfesa a falo yana shan shayi, ta miƙa masa wayar.

"Na gani," in ji shi. "Alhamdu lillahi."

"Ka karanta har ƙasa?"

"Wannan ai ba komai ba ne. Da ni da ke duk ɗaya ne. In aka yabe ni, ke aka yaba."

"To in aka kore ni, wa aka kora?"

Ya ajiye kofi. "Kin faye ɗaukar abu da zafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan aji huɗu me suka sani? Ko shekara suka yi ba karatu za su kamo. Nawa fa jarrabawa ce a gabansu."

"Daga gobe a raba safiyar. Awa ɗaya kai, awa ɗaya ni."

"Za a duba."

Inna ta sa baki daga kan tabarmarta. "'Yar nan, mace ba ta lissafi da mijinta. Rufin asirinsa naki ne. Mu da muka zauna da uwayenku maza, har tuwon gobe ba ma tambaya, ga mu nan ba mu mutu ba. Haƙuri dai."

Ba a duba ba. Gobe ta zo, darasi uku, caji ya yi ja.

Ranar Talata ta sati na biyar saƙo ya fito cewa makaranta za ta rage malamai, domin iyaye da yawa sun janye yaransu. Kowane malami zai yi darasi kai-tsaye, ɗalibai suna kallo suna tambaya, shugaba da mai makaranta suna saurare, daga nan a san wanda zai zauna. Malama ta bi jadawalin da yatsa. Farfesa, Alhamis, ƙarfe goma. Ta bi har ƙasa, ta dawo sama. Babu aji huɗu.

Tana cikin haka shugabar ta kira.

"Malama, ya jikin? Wallahi sai jiya maigidanki yake gaya mini. Da na sani da ban sa ki cikin masu sakaci ba, ki yafe ni."

"Wane jiki, ranki ya daɗe?"

"Hannun mana. Ya ce ko alƙalami ba kya iya riƙewa, har hoto ya turo mini, abin ba kyan gani. Ya ce da kuka ji ƙishin-ƙishin za a rage malamai kun yi shawara kin haƙura da aikin, tunda dai gida ɗaya ne, gara a bar mai lafiya. Na ce Allah ya yi miki albarka, kin sauƙaƙa mana. Ajinki za mu haɗa shi da aji uku daga Litinin."

Malama ta tuna shekaranjiya da ya ce ta buɗe hannu ya ɗauki hoto zai tura wa wani abokinsa mai kemis. Har daɗi ta ji a lokacin, ta ce ashe ya damu.

"Kina jina, Malama?"

"Ina ji, ranki ya daɗe. Na gode."

Ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta shiga ɗaki ta sami Farfesa yana goge tabarau.

"Ka ba da aikina."

Bai ko yi musu ba. "Na yi abin da ya fi mana ne. In mutum ɗaya za a bari a gidan nan, wa ya kamata? Ni ne mai ciyarwa. Kuma ƙarya na yi? Kalli hannun naki."

"Wa ya mayar da shi haka?"

"Ƙaddara. Ki huta, in annoba ta wuce sai in yi miki magana a mayar da ke. Yanzu dai ki shirya mini takardar Alhamis, ki yi ta da kyau, mai makaranta zai saurara."

Ta dube shi har sai da ya kawar da kai. Mutumin da ya cinye mata safiya, ya cinye mata fata, ya ɗauki ciwon da ya jawo mata ya kai shi shaida a kanta, yanzu kuma yana so ta wasa masa wuƙar. Ta ce, "To." Ya ji "to" ɗin ya saki jiki, domin bai taɓa koyon sauraron abin da ke bayan magana ba.

Ta rubuta takardar kamar kullum, ba ta sa kuskure ko ɗaya ba. Yaran ba su yi mata laifi ba.

Alhamis ƙarfe goma hasken ya faɗo a kan tayil fes. Ta zauna, shuɗiyar safa a hannu, shi yana tsaye a bayanta da takarda, har turare ya fesa kamar ana jin ƙamshi ta waya. A fuskar wayar ƙananan hotuna suka jeru, ɗalibai kusan arba'in, ga shugaba, ga mai makaranta. Inna ta jawo kujera bakin ƙofa don ta ji ɗanta.

Hannun ya rubuta: 2x + 6 = 14.

Farfesa ya karanta sakin farko lafiya, na biyu lafiya. Shugaba ta ce, "Madalla." Wannan madallar ce ta kai shi ta baro. Kansa ya kumbura, ya sauke takardar ya ci gaba da ka, yadda aka haddasa masa tun yana yaro.

"To, sai shida ta tsallaka alamar daidai, ta zama ɗebewa. Shi ke nan."

Wata yarinya ta buɗe makirfo. Tunda babu bulala a waya, bakin yara ya buɗe.

"Malam, ina da tambaya. A bidiyon jiya ka ce cirewa muke yi daga ɓangare biyu. Yau kuma ka ce tsallakawa take yi. Me ya sa in ta tsallaka take canzawa?"

"Haka dokar take."

"Wa ya sa dokar, Malam?"

Wasu suka yi dariya. Shugaba ta ce, "Tambaya ce mai kyau, Farfesa. A yi mata bayani."

Ya ɗaga takarda, ya rasa layin da ya tsaya. Ya zunguri Malama da gwiwa, ya turo mata guntuwar takarda ta gefen tebur inda kyamara ba ta gani, yana nuna mata da haɓa ta rubuta masa amsa. Ta kalli takardar. Ta ɗauki murfin maka ta rufe shi, ta ajiye shi a tsakiyar tayil, ta kwantar da hannunta a gefensa. Mutum arba'in suna kallon shuɗin hannu ya kwanta ba ya motsi.

"E, to," in ji Farfesa. "Wato ita shida, a ilimin lissafi, idan muka duba... Ina jin sabis ne yake yankewa."

"Muna jinka sarai, Malam," in ji yarinyar.

Ya sake zungurinta, da ƙarfi wannan karon. Gumi ya ɗigo daga haɓarsa ya faɗi a kafaɗarta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malama ta kama bakin safar ta ja a hankali, a ƙarƙashin idon kyamara. Robar ta fita da ƙyar. Hannun ya bayyana, jajir, a tsage, da sawun zobe a yatsa. Ta buɗe maka.

"'Yata," in ji ta, "babu abin da ke tsallakawa. Kin san sikelin mai shago?"

Yarinyar ta ce, "E."

Ta zana sikeli. "A wannan gefe akwai kwali biyu a rufe, da dutse shida. A wancan gefe dutse goma sha huɗu. Sikeli ya tsaya daidai. In na kwashe shidan nan daga wannan gefe kaɗai, me zai faru?"

"Zai karkace."

"To me zan yi kada ya karkace?"

"Ki kwashe shida a can ma."

"Saura nawa a can?"

"Takwas." Muryoyi da yawa ne suka amsa.

"Kwali biyu, dutse takwas. Nawa ne a cikin kowane kwali?"

"Huɗu!" Yarinyar har tafi ta yi. "Wallahi na gane!"

Wata daga cikin ɗaliban, wadda ta bi ta ajinta shekarun baya, ta yi ihu, "Lah, Malamar aji huɗu ce! Muryarta ce!"

Shugaba ta yi gyaran murya. "Malama? Ba ke aka ce hannu ya hana ki riƙe alƙalami ba?"

"Ga hannun nan, ranki ya daɗe. Sati biyar ke nan kuna yabonsa. Ban ajiye aikina ba, kuma ba a yi shawara da ni ba."

Farfesa ya kai hannu ya fizge wayar daga kan raga ya kashe. Littattafan suka zube.

Abin da ya biyo baya duk wanda ya san gida ya san shi. Inna ce ta fara, tana tafa hannu tana salati.

"Kin kashe shi! Kin tona asirin mijinki a gaban 'ya'yan mutane! Wace irin zuciya ce da ke?"

"Inna, sati biyar ina rufa masa asiri da fatar hannuna. Rana ɗaya aka ce ya rufa mini, sai ya je ya ba da aikina."

"Ko me ya yi ai mijinki ne."

"Mijina ne. Shi ya sa na bari har ya kai haka."

Farfesa yana huci, tabarau a hannu. "Wallahi da ba don an kulle gari ba, da yau a gidanku za ki kwana."

"In an buɗe sai a yi maganar," in ji ta. Ta miƙa hannu. "Ba ni wayata."

Ya dube ta, ya dubi hannun, ya ba ta.

Da azahar shugaba ta kira, muryarta a cunkushe. Ta ce ita ba ta shiga tsakanin miji da mata. Ta ce da Malama ta same ta a asirce da ya fi, bai kamata a yi haka gaban mai makaranta ba.

"A asirce aka cire ni, ranki ya daɗe."

Shugaba ta ce to, ranar Litinin kowannensu zai yi nasa darasin shi kaɗai, fuska a waje, hannu a waje. Aji huɗu yana nan har ranar. Abin da ya biyo baya kuma sai abin da mai makaranta ya gani.

Ba alkawari ba ne, amma Malama ba alkawari ta nema ba. Fili ta nema, a bar ta ta tsaya da ƙafarta ko ta faɗi da ƙafarta. Mutane za su ce ta yi rashin kunya, kuma sun faɗa: kafin la'asar ƙanwar Farfesa ta kira, yayar Malama ma ta kira, kowa da nasa wa'azin haƙuri. Babu wanda ya tambayi ko me ya sa haƙurin kullum a gefe ɗaya ake ɗora shi. A irin gidajen nan, wanda ya ci haƙƙi ba ya laifi, mai laifi shi ne wanda ya faɗa da ƙarfi har maƙwabta suka ji. An yi ta kirga waɗanda annoba ta kwantar a asibiti, amma ba a kirga waɗanda aka danne a bayan ƙofofin da doka ta rufe ba.

Juma'a ƙarfe tara ta mayar da littattafai, ta ɗora raga, ta goge tayil. Inna ta leƙo da leda a hannu.

"Sai sha ɗaya, Inna. In ba za ta jira ba, ga bilic can a kicin."

Ta tura saƙo zauren iyaye cewa yau darasi kai-tsaye ne, kowa ya zo da murafen kwalbarsa. Ta jira. Hotuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, wasu da kayan makaranta, wasu da rigar barci. Ta kirga su, goma sha tara. Sauran sun gaji da jira, ko iyayensu sun janye su, kuma wannan ya yi mata ciwo fiye da hannun. Sai ta haɗiye, ta yi sallama, yara suka amsa da ihu kamar za su fasa wayar.

Tana tsakiyar nuna musu yadda ake aro daga gidan goma ta ji motsi a bayanta. Farfesa ne a bakin ƙofa, babu kwat, babu turare, da littafi da biro a hannu. Tun jiya bai yi mata magana ba. Ya daɗe a tsaye yana sauya ƙafa. Litinin saura kwana uku.

"Malama," in ji shi, ƙasa-ƙasa. "Wannan sikelin... ya kika ce ake yi?"

Ta rufe makirfo da yatsa, ta juyo ta dube shi sama da ƙasa.

"Jawo kujera ka zauna, Malam, ka yi shiru. Yara goma sha tara ne suka riga ka. Kai ne na ashirin."